Baƙon da Ya Biyo Ni daga Tsibiri

Jama'a masu karatu, ni tsohon malamin makaranta ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a ajina zai shaide ni cewa ba ni da haƙuri da zancen aljanu. Yaro ya ce mini aljani ya ɗauke masa littafin aikin gida, sai in ce ya je ya gaya wa aljanin ya dawo da shi ranar Litinin ƙarfe takwas, in ba haka ba bulala shida ce, shi da aljanin su san yadda za su raba. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da ke ba ku labari. Wallahi tallahi abin da zan rubuta da ni ya faru, idona biyu, kuma yawancinsa da rana tsaka.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, naira tana sabuwa. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a arewacin Kaduna, ina haya a Abakpa, ɗaki biyu da zaure da bishiyar gwaba a tsakar gida, ni da matata Hauwa da 'yarmu Ummi mai shekara huɗu. Sai aka tura ni kwas na wata uku a ƙasar Malesiya, ba don na fi kowa ba, wanda aka fara zaɓa ne matarsa ta rantse ba zai hau jirgin sama ba. Na je, aka koya mini yadda ake zana taswira, abin da na shekara tara ina ci da shi, aka ba ni takardar shaida mai zanen zinare, sai ya rage saura mako uku kafin ranar da aka yanka mini ta komawa gida.

To a nan ne shaiɗan ya samu kujera. A masaukinmu akwai waɗansu samarin Turawa masu gashi har kafaɗa, kowa da jakar goyo a baya, ba sa aikin komai sai tsallake-tsallake daga wannan tsibiri zuwa wancan, wanka kuwa sai in ruwan sama ya same su a hanya. Na dube su na dubi kaina. Shekara tara ina tsayawa gaban allo ina cewa tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina, na zane yara ba adadi a kan wannan jimla, alhali tsibirin da na taɓa gani da idona bai wuce tudun yashin da ke fitowa tsakiyar kogin Kaduna da rani ba. Na ce a raina, waɗannan da ko babban birnin ƙasar da suke ciki ba za su iya rubutawa daidai ba suna ganin tsibirai, ni da na san sunayensu a jere zan koma Abakpa ban gani ba? Na shiga kasuwa na sayi jakar goyo, koriya, irin ta soja, na bar akwatina a masauki, na kama hanya.

Abin da littafi bai faɗa ba shi ne, tsakanin tsibiri da tsibiri akwai ruwa, kuma ruwan ba ya zama wuri ɗaya kamar na taswira. Kwana goma sha shida na yi ina hawa kwalekwale ina sauka, kowane jirgi sai na bar masa abin da na ci da safe. Shinkafa da kifi da safe, kifi da shinkafa da rana, da yamma kuma a canja, a kawo su cikin ruwan kwakwa. Riga ba ta bushewa. Jakar ta cinye mini fatar kafaɗa. Sauronsu kuwa, na Kaduna in ya gan shi sai ya durƙusa ya gaishe shi. Mutanen dai mutanen kirki ne, akasarinsu Musulmi, da sun ga na yi alwala na ta da kabbara sai su saki jiki, a ja ni gida, a ƙara mini shinkafa da kifi. Amma gaskiya tun a tsibiri na uku na gane cewa duk tsibiri tsibiri ne: kwakwa, yashi, ruwa, da mutum ɗaya tsaye yana tunanin tuwo da miyar kuka.

Na ƙarshen ƙarami ne ƙwarai, ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada wanda ya rubuto yana tambaya. Masallaci ɗaya, gidajen katako a kan turaku, tudu mai duhun daji a tsakiya. Na sauka gidan wata tsohuwa da na riƙa kira Inna, don sunanta ya fi ƙarfin harshena. Ta yi wa Turawa aikin kuku a zamaninsu, saboda haka tana da Turanci gutsure-gutsure, muna fahimtar juna. Ita ta gaya mini bayan tudun akwai wani bakin teku mai yashi fari kamar garin alkama, in ina so in gani in tafi da hantsi in dawo kafin la'asar. Sannan ta kama hannuna ta ba ni doka biyu. Duk wanda ya yi mini magana daga baya a cikin dajin, kada in amsa, kada in waiwaya. In na fito kuma in buga ƙafafuna a ƙasa, in ce ni kaɗai na shiga, ni kaɗai na fita. Na zaro littafina na rubuta su ƙarƙashin kan magana, al'adun mazauna tsibiri, har da lamba ɗaya da lamba biyu, na ja layi a ƙasa. Kun ji aikin ilimi.

Na je na ga yashin. Fari ne, ba ta yi ƙarya ba. Na zauna na dubi teku, ita ma ta dube ni, ba wanda ya ce da wani komai, na yi azahar na juyo. A dawowa ne hanya ta ɓace mini. Ni da nake koya wa yara gane gabas da yamma, ga ni a cikin dajin da ba a ganin rana, kowace bishiya kamar 'yar'uwarta, matsattsaku sun cika mini ƙwauri, ruwan gorata ya ƙare, jaka kamar na goya buhun siminti. Na wuce wani kututture sau uku. A karo na ukun na zauna a kansa, na gaji irin gajiyar da mutum ba ya ma jin tsoro.

Sai na ji an yi sallama daga bayana, a hankali, cikakkiya.

Ku yi mini adalci. Tun ina ɗan shekara uku kakata take ranƙwashina in an yi sallama na yi shiru. Bakina ya amsa, wuyana ya juya, kafin kaina ya tuna da lamba ɗaya.

Wani dattijo ne gajere, ba riga, ya ɗaura zane iya gwiwa irin na mutanen wurin, hannunsa ba komai. Abin da na lura da shi ɗaya ne, ƙafafunsa sharkaf suke da ruwa, yana ɗiga, kamar yanzu ya fito daga teku, alhali muna kan tudu. Fuskarsa kuwa, ko yau ka ba ni alli zan zana maka gaɓar tsibirin Borniyo da ka, amma fuskar nan ta ƙi zama a kaina tun a ranar. Ya nuna mini wani ɗan lungu tsakanin itatuwa da babban yatsa, yadda suke nuni a can, na miƙe na bi. Na zaci zai shige gaba kamar kowane ɗan jagora, sai ya tsaya a bayana. Ina tafe ina jin takunsa, caɓal, caɓal, in na karkace ya ɗan yi gyaran murya in dawo hanya.

Wata uku da rabi ban yi Hausa da kowa ba. Da na ji mutum a bayana wanda ba zai gane ba balle ya yi mini dariya, sai bakina ya ɓalle. Na ba shi labarin Hauwa, na ba shi labarin Ummi da yadda take kiran gwaba gwabba, na kai masa ƙarar hedimastanmu, na yi masa bayanin yadda ake kaɗa miyar kuka. Shi dai daga baya sai ya ce, mm. Muna haka har na hango rufin masallaci ta tsakanin ganye. A daidai bishiyar ƙarshe takun ya tsaya. Na juya na yi masa godiya, na laluba aljihu ya girgiza kai. To Bahaushe an yi masa alheri, ba shi da abin bayarwa, me ya rage masa? Sai na faɗi abin da nake faɗa wa kowane direba da kowane abokin zama a jirgin ƙasa:

"Kai ma wata rana ka zo mana Kaduna, gida naka ne. Abakpa, kusa da layin dogo, gidan da ke da gwaba. Ka ce gidan ticha, kowa ya sani."

Ya ce, "To, madalla."

Da Hausa, jama'a. Na yi taku wajen ashirin kafin abin ya iso kaina, da na waiwaya ba kowa, sai na ce gajiya ce da yunwa. Lamba biyu kuwa ban tuna da ita ba sai da na zauna a gaban shinkafa da kifi.

Inna ta tambaye ni yadda na dawo, na gaya mata wani dattijo ne ya taimake ni. Ba ta dube ni ba, ƙofa ta duba, ta daɗe tana kallon matakalar katakon da na hawo. Ta tambayi abin da na ce masa, na fassara mata, har ina 'yar dariya, na yi mata bayani cewa a wurinmu magana ce kawai ta ladabi, ba wanda ke ɗaukarta da gaske. Ta ce su a nan ba su da irin wannan maganar, in sun ce wa mutum ya zo, to ya zo ne. Ta tashi ta ɗauko kwano na biyu ta zuba abinci ta ajiye a bakin ƙofa. Washegari a kwalekwale, an cika maƙil har da kaji da buhunan busasshen kifi, mutane a kan cinyar juna, amma gefen damana an bar wurin mutum ɗaya, ba wanda ya zauna. Na ce a raina warin jakata ne, don a lokacin ta kai.

Jirgi uku na hau kafin Kano, daga nan mota zuwa Kaduna. Na iso tsakiyar bazara, garin kamar tanda, ganyen gwaba duk ya yi laushi. Hauwa ta yi mini tuwo, na ci har na kasa tashi, na yi barcin kwana biyu, na koma makaranta na ci gaba da cewa tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye, sai dai yanzu da ɗan ɗaci a murya.

Hauwa ce ta fara gani. Ta zazzage jakar za ta wanke, yashi fari ya zubo, jiƙaƙƙe. Ta share, ta wanke jakar, ta shanya ta bushe ƙayau a wannan rana, ta rataye a zaure. Washegari ta sake samun yashi a ƙarƙashinta, jiƙaƙƙe. Na yi mata bayani na kimiyya a kan yadda yashi ke maƙalewa a ɗinki. Ta ce to. Bayan kwana biyu ruwan randa ya yi gishiri-gishiri. Ta wanke randar ta sake cikawa daga famfon da duk layinmu ke ɗiba, kafin azahar ya koma. Na yi mata bayani a kan yumɓu. Ta ce to, amma tun da aka kawo ta gidan nan da randar take, yumɓun bai taɓa tunawa da gishirinsa ba sai da na je yawon duniya. Rannan na dawo daga makaranta wajen ƙarfe biyu, rana tana dukan ƙasa, na tarar da sawun ƙafa a simintin zaure, jiƙaƙƙu, ba takalmi, daga ƙofa zuwa ƙarƙashin jakar. Na tsaya ina kallonsu ina jiran su bushe. Ruwan da aka zubar a tsakar gida a wannan lokaci ba ya minti biyu. Waɗannan har na gaji da tsayuwa suna nan. Ban yi wa kowa bayani ba ranar.

Sai Ummi. Ta fara cewa a zuba na baƙon Baba. Uwarta ta zaci wasan yara ne, ta riƙa ba ta 'yar shinkafa a murfin kwano tana kaiwa zaure, tana zama can tana surutu ita kaɗai. Wata ranar Asabar ina gyaran takardun jarrabawa a gindin gwaba, na ji ta tana kiran a zo a ci abinci da kalmar mutanen can, kalmar da Inna ke kirana da ita, wadda ban taɓa furtawa a gidan nan ba. Na ajiye jan biro na kira ta, na ɗora ta a cinya, na tambaye ta wane ne baƙon. Ta ce tsoho ne mai zane, ƙafarsa tana yoyo. Ta nuna zauren da babban yatsa. Na tambaye ta me yake ce mata.

"Ya ce ya zo gidanmu, saura mu. Ya ce kai ka gaji, ni zai kai in ga ruwan gidansu."

Ban gama gyaran takardun nan ba. Ran Litinin yaran aji uku duk suka ci jarrabawa, har waɗanda ba su rubuta komai ba sai suna.

Na je Kinkinau wurin wani malami da mahaifina ya yarda da shi. Ya saurare ni bai katse ni ba, ya ba ni rubutu a ba yarinya, ya ba ni addu'o'in da za a riƙa yi safe da yamma, muka yi, kuma ban raina su ba, don ina jin su suka riƙe mana ita. Amma da zan tafi ya ce mini gaskiya, shi abin da ya saba kora shi ne wanda ya kutso kai da kansa, wanda maigida ya kira da bakinsa har ya yi masa kwatance, wannan baƙo ne, kuma bai san yadda ake korar baƙon wani ba.

Ranar Laraba da la'asar Hauwa ta shiga wanka, ta fito ba Ummi. Na dawo na tarar da layinmu a tsaye, mata suna leƙa rijiyoyi. Ba mu daɗe ba sai ga Baba Saje ya shigo da ita a kafaɗa. Baba Saje maƙwabcinmu ne, mutumin kudancin Kaduna, dattijon coci, tsohon soja da ya yi yaƙi a ƙasar Boma zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, a lokacin yana masinja a wani ofishi. Yana dawowa a kan kekensa ya gan ta ta riga ta tsallake babban titi ta miƙa gabas, hanyar kogi, tafiyar da ko babba sai ya yi gumi. Ya ja ni gefe ya ce ba nisan ne ya dame shi ba. Hannunta na dama a sama yake, a dunƙule, kamar yadda yaro ke riƙe yatsan babba, kuma da ya ɗauke ta sai da ya ɗan ja.

A zaurensa na zauna na gaya masa komai, ni da ban taɓa zama da shi ba sai gaisuwa. Bai yi mamaki ba. Ya ce a dajin Boma sun ga irin wannan, akwai wani ɗan garinsu da ya amsa kira daga baya, har yau ana jiransa. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce duk karatuna ban san ba a yi wa wanda ba a sani ba kwatancen gida. Sannan ya tambaye ni, tun da baƙon ya zo, na taɓa yi masa sannu da zuwa? Na ba shi abinci da hannuna? Na ce a'a. Ya ce to ai shi ya sa ya koma wa yarinya, ita kaɗai ta san ya zo.

"Ticha, baƙo ba a korarsa. Ka ci da shi, ka yi masa tsaraba, ka ɗauki kayansa ka raka shi. Amma a wurin sallama ka riƙe bakinka, kada ka bar masa ƙofa ko kaɗan."

Ranar Juma'a bayan an sauko muka yi. Hauwa ta dafa shinkafa da kifi, har kwakwa ta aika aka nemo a kasuwa, tana dafawa tana hawaye tana cewa ita ba ta taɓa yi wa wanda ba ta gani girki ba. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na ajiye kwano biyu, na zauna ni da takardar shaidata mai zanen zinare da ke rataye a bango, na ce wa iska sannu da zuwa, ya hanya, ya mutanen gida, a yi haƙuri ban samu zama ba, aiki ne ya yi yawa. Na ci nawa. Ɗaya kwanon ba abin da ya ragu, sai dai da na taɓa shi ya yi sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga rijiya. Muka zuba tsaraba a jakar: goro, kilishi, kwalbar turare, da sabuwar hular da ban taɓa sawa ba. Na ce wa Hauwa ta kulle kanta da Ummi a ɗaki, kada su fito sai na dawo. Na goya jakar.

Kayan da ke ciki yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Wallahi sai da Baba Saje ya tallafa mini na miƙe.

Muka kama hanyar kogi a ƙasa, shi yana tura kekensa a gefen hagu, gefen dama muka bar wuri. Ku yi tunanin abin: malamin sakandare da rigar Juma'a, goye da jakar soja, yana tafe yana hira da ba kowa, don Baba Saje ya ce ba a rakiya da shiru. Na haɗu da ɗalibaina biyu a hanya, suka gaishe ni, suka bi ni da kallo, kuma na san sunan da suka sa mini daga ranar, ba zan rubuta shi ba. Da muka bar kwalta muka shiga turɓaya na fara jinsa a bayana, caɓal, caɓal. Na dubi Baba Saje. Ya kafa idonsa a kan hanya, leɓensa yana motsi, yana tasa addu'ar, ni ma na kama tawa.

Mun isa kogi rana ta yi sanyi, ruwan ya ja baya saboda rani, ga duwatsu a fili. Muka sami inda ba masu wanki. Na sauke jakar a bakin ruwa, kafaɗuna suna zogi daidai inda ta cinye ni a can. Na share murya na ce mun gode da ziyara, Allah ya saka da alheri a kan abin da aka yi mini a daji, ga ɗan abin da ya samu, a yi haƙuri da kaɗan, Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida. Ina kaiwa nan bakina ya ɗauko sauran da kansa, abin da kowa ke cikawa da shi, har na ce "Sai mun", Baba Saje ya take mini ƙafa da takalminsa na soja, takun da na yi mako guda ina ɗingishi. Na haɗiye ragowar. Na buga ƙafafuna a ƙasa, na ce ni kaɗai na fito, ni kaɗai zan koma.

Ba iska, ba igiyar ruwa. Jakar tana kan yashi, tazarar taku guda daga ruwan. Muna kallo ta sulale ta shiga, ba ta nutse ba, ta bi tsakiyar kogi a tsaye, kamar wani ya goya ta yana tafiya a ciki. Baba Saje ya ce kada in tsaya kallo, ba kyau a ga ƙarshen tafiyar baƙo. Ya ɗora ni a bayan keke, tsoho da shi, ya kawo ni gida.

Ruwan randa ya dawo daidai. Simintin zaure ya bushe. Ummi ta yi barci tun magariba, da safe na tambaye ta baƙo, ta ce wane baƙo. Na yi sadaka, na kai wa malam goro, na kai wa Baba Saje zakara, na ce shi ke nan.

Sai bayan mako guda Hauwa ta gaya mini, ta ce ta rasa yadda za ta fara ne. Ranar da muka fita, tana zaune ta rungume yarinyar, da Ummi ta ji an ja ƙofar zaure sai ta zame ta hau kan gado ta leƙa taga. Ita Hauwa ce ta koya mata, tun tana koyon magana, in baƙo zai tafi a yi masa sallama mai kyau, kuma har alfahari take yi da ita a gaban mutane saboda wannan. Kafin ta kai hannu ta toshe mata baki, yarinya ta ɗaga murya ta ce:

"A gaida gida! Sai na zo!"

Yau Ummi ta haura hamsin, tana da 'ya'ya har da jika. Ba ta tuna komai ba, mu ma ba mu gaya mata ba. Ba ta taɓa ganin teku ba, kuma ni na tsaya a kan haka. Lokacin da ta samu gurbin ƙaro karatu a Malesiya, ita kaɗai a cikin waɗanda suka nema, na ce ban yarda ba, ban ba da dalili ba, shi ne karo ɗaya tak da na yi mata ƙarfin uba, ta yi shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ɗauka, har yanzu ina ɗauke da shi. Hauwa ta rasu, Baba Saje ya rasu tun tuni, saura ni kaɗai na sani, kuma na gaji da riƙewa, shi ya sa na rubuta. Ba ta karanta irin wannan shafi, ta ce na marasa aikin yi ne, ni na koya mata.

Mace ce mai zumunci, ba ta barin ziyara ba ta rama ba. Duk sallah sai ta zagaye dangi kaf, ta ƙare da gidana. In za ta tafi nakan raka ta zaure. A sallar da ta wuce ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a hannu, ta juya gabas, sannan ta ce mini:

"Baba, kullum in na gama zagaye sai in ji kamar akwai gidan da ban je ba. Na rasa gidan wa."

Na ce mata gajiya ce.

Shawarata gare ku, musamman ku matasa da yanzu kuke goya jaka kuna tsallaka ƙasashe don hutu: in mutanen wuri suka ba ku doka, ku riƙe ta a ka, kada ku zuba ta a littafi. Kada ku yi wa wanda ba ku sani ba kwatancen gidanku don neman a ce kuna da kirki. Wanda duk kuka ce wa ya zo, ku tabbata kuna so ya zo. In kuma za ku raka baƙon da ba ku gane kansa ba, ku fara duba inda yaranku suke, ku rufe taga.